Godiya ga mahalarta, da kuma mai jakar wasiƙu

Assalamu alaikum. Sai yau na samu na zauna, don tun ranar Asabar gidan bai rabu da baƙi ba.

Ƴan uwana marubuta na Birnin Kebbi da suka shirya mini taron nan na kusan shekara talatin da fara rubutu, Allah shi saka muku da alheri. Waɗanda suka taso daga Argungu, Jega, Yawuri da Sakkwato, ina fatan kowa ya isa gida lafiya. Maigida da ya ɗauki nauyin abinci, da yaran da suka hana ni ɗaga ko da kujera, na gode.

Akwai kuma wadda ba a sa sunanta cikin jerin manyan baƙi ba, kuma ita ce ta sa ni kuka a gaban jama'a. A zamaninmu, idan an buga maka littafi a Kano, sai ka sa lambar akwatin gidan waya a bangon baya. Yawancin wasiƙun da ke zuwa yabo ne, ko neman kashi na biyu. Tata kuwa shafi huɗu ce, daga Gusau, tana lissafa mini inda na yi kuskure a littafina na farko. Ta ce na aurar da yarinya ban ambaci ko waliyyi ba, "wanga wane irin ɗaurin aure na?" Na yi fushi kwana uku, sannan na ba ta amsa. A bayan ambulan na rubuta Gusau, Jihar Sakkwato. Kafin tata ta iso an ƙirƙiro Zamfara, a watan Oktoban 1996, har ta ja layi ƙarƙashin sabon sunan don ta tsokane ni.

Tun daga nan ban ƙara kai littafi maɗaba'a ba sai ta gani. A 2007, da aka ƙona littattafan Hausa a Kano ana cewa mu ke ɓata tarbiyya, na ajiye biro da niyyar na bari ke nan. Ba ta lallashe ni ba. Ta aiko da littafin rubutu sabo fil, ta sa ranar da za ta karɓi babi na farko. Ko da wayar hannu ta zo, WhatsApp ya cika gari, ta ce ita gyara sai a takarda, don a waya mutum yakan yi saurin yarda.

Sau biyu kawai muka taɓa haɗuwa. Da yadda hanya ta zama yanzu, ni da kaina na ce kada ta zo. Sai ga ta ana tsakiyar jawabi, da sanda, jikanta na riƙe da jakar buhu cike da wasiƙuna, har da ta farko mai fushin.

Yaya, Allah shi ƙara lafiya, shi jiƙan mahaifa. Jakar na nan a ɗakina, ina karanta wasiƙun har na kai na 1999. Kin ce aron sati biyu ne, ina roƙon a ƙara mini ɗaya.