Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Numfashin Toka

A makon jiya na tsaya ne a inda Toka ta fara atishawa, ni kuma na ɗauka ƙura ce kawai ta shiga hancinta. Yau zan ba ku labarin makonni ukun da suka biyo baya, ko da yake har yanzu idan na tuna daren farko sai gabana ya faɗi.

Ga waɗanda suka riske mu a tsakiyar tafiya, Toka da Auduga ɓerayen kiwo ne, mata biyu 'yan ciki ɗaya, da na ɗauko tun suna da mako shida a duniya. Asalinsu ɗaya da ɓera mai ruwan ƙasa da masana ke kira Rattus norvegicus, sai dai tun ƙarni na 19 ake kiwon irinsu a Ingila, tsara bayan tsara, har suka saba da hannun mutum. Irin waɗannan ɓeraye shekara biyu zuwa uku suke yi. A lokacin da nake ba ku labari Toka tana da shekara ɗaya da wata takwas, wato ta doshi tsufa, amma ni a idona yarinya ce, ita ce mai hawa kafaɗata ta shige cikin mayafina ta yi barci.

Misalin ƙarfe biyun dare na tashi shan ruwa, sai na ji wata 'yar ƙara daga wajen keji, ƙus-ƙus, ƙus-ƙus, kamar ana murza busasshiyar takarda a hankali. Na haska fitilar waya. Auduga tana ta kai-komo kamar yadda suka saba da dare, Toka kuwa tana can kusurwa a dunƙule, gashin jikinta ya mimmiƙe, kwiɓinta yana lotsawa ciki duk numfashin da ta ja. Abin da ya fi razana ni shi ne wani jan abu da ya bushe kewaye da idanunta da hancinta, har a 'yan hannayenta na gaba inda ta goge fuska. Na ɗauke ta na kara ƙirjinta a kunnena kamar mai amsa waya. Daga cikinta ƙarar take fitowa.

Ban san lokacin da na isa ƙofar mahaifiyata ba.

"Umma, ki tashi, Toka na zubar da jini."

Umma ba ta taɓa ɗaukar su ba, ko kusa da kejin ba ta cika zuwa ba. Amma a daren nan ta fito, ta karɓi wayar ta riƙe mini haske, ta daɗe tana kallon halittar da ke tafin hannuna.

"Ki kwantar da hankalinki, 'yar nan," in ji ta. "Naɗe ta da tsumma mai laushi kada ta yi sanyi. Gari na wayewa ki kai ta wurin likita."

Haka na zauna har asuba da ita a cinyata, ina ƙirga numfashinta, ina ɓata lissafi ina sakewa.

Likitan dabbobi na farko da na je wurinsa bai ɓoye mini ba, ya ce shi bai saba duba ƙananan dabbobi irin wannan ba. Na gode masa da wannan gaskiyar, domin ta fi ya yi mini kame-kame. Na biyun da ya tura ni wurinsa dattijo ne mai sanyin hannu. Kafin ya taɓa Toka sai da ya tsaya ya kalli yadda take numfashi a cikin kwali, sannan ya ɗora mata 'yar ƙaramar na'urar sauraron ƙirji.

"Malama, wannan jan da kike gani ba jini ba ne," in ji shi.

Ya bayyana mini cewa a bayan idon ɓera akwai wani ɗan sashen jiki da ke fitar da ruwa mai jan launi, sunan sinadarin fofirin. Kaɗan daga cikinsa ba komai ba ne, lafiyayyen ɓera ma yakan tashi daga barci da ɗigonsa. Idan ya yi yawa har ya bushe a fuska, jiki ne yake faɗa miki yana cikin wahala, ko ta ciwo ko ta damuwa. Na ji sanyi a raina na ɗan lokaci, kafin ya ɗora ta a sikeli. Giram 296. Wata biyu kafin nan ni da kaina na auna ta, tana giram 340. Abin da ya zube daga jikinta ya haura kashi ɗaya cikin goma, kuma kullum tana hannuna ban lura ba.

"Tun yaushe take atishawa?"

"Kwana goma ke nan, Likita."

"Me kike shimfiɗa musu a keji?"

Na ce garin katako ne mai ƙamshi, na itacen sida, wanda na zaɓa da gangan domin yana kashe wari. Bai yi mini faɗa ba, ya dai girgiza kai a hankali. Ya ce wannan ƙamshin da nake jin daɗinsa mai ne da ke tashi daga itacen, kuma yana ƙona hanyar numfashin dabbar da hancinta ke manne da shi dare da rana. Ƙari a kan haka, ƙamshin yana rufe zarnin fitsari, sai mai kiwo ya ɗauka kejin tsaf yake, alhali iskar amoniya ta taru a ƙasa, daidai inda suke kwana. Ni ina tsaye ina shaƙar ƙamshi, su suna kwance suna shaƙar abin da ke cin huhunsu.

Ban iya cewa komai ba. Da hannuna na sayo abin, da hannuna na shimfiɗa, kuma don ƙaunarsu na yi.

Ciwon kansa, in ji shi, wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi mai suna Mycoplasma pulmonis. Kusan duk ɓerayen kiwo suna ɗauke da ita, da yawa tun daga uwa suke samunta. Takan kwanta shiru a hanci da maƙogwaro, sai tsufa ko damuwa ko gurɓatacciyar iska sun raunana jiki, ta gangara huhu, wasu ƙwayoyin kuma su biyo sawunta. Ba ta da ɓawo irin na sauran ƙwayoyin cuta, shi ya sa magunguna dangin fenisilin ba sa yi mata komai, tunda ɓawon suke farfasawa. Ya rubuta mata magani biyu a haɗe, enrofulokzasin da dokzisaikilin, safe da yamma, har tsawon mako uku. Sannan ya faɗi maganar da ta fi zauna mini:

"Ba za mu raba ta da cutar ba, Malama. Danne ta za mu yi. Tana iya dawowa, kuma inda huhu ya yi tabo ba ya komawa yadda yake. Amma idan kika ga ta buɗe baki tana neman iska, ko ƙafafunta da jelarta sun fara yin shuɗi-shuɗi, kada ki jira gari ya waye. Ɓera da hanci yake numfashi, in ya koma baki to abin ya kai maƙura."

Na tambaye shi yadda aka yi ciwo ya yi nisa haka tana ci tana wasa. Ya ce dabbar da ake farauta ba ta nuna rauni, domin a dawa wanda ya nuna shi ake fara ɗauka. Wannan halin bai bar su ba ko a cikin keji. Kafin ɓera ya yarda ya kwanta a gabanki, ya daɗe yana daurewa.

Ina komawa gida na kwashe garin katakon nan kaf na zubar. Na wanke kejin, na shimfiɗa yayyagaggiyar takarda marar ƙura da tsofaffin tsummoki, na mayar da shi inda iska ke zagayawa amma ba ta bugun su kai tsaye. Turare da feshin ɗaki duk na daina. Na sauko da gadonta da kwanon ruwa zuwa hawan ƙasa, domin hawa sama ya fara sa ta haki.

Ba da magani shi ne babban aiki. Yana da ɗaci, kuma Toka ta gane shi tun rana ta farko. Da na kawo sirinji marar allura kusa da bakinta sai ta sa hannu biyu ta ture, ta kau da kai. Ga shi ba a yi wa ɓera ɗura da ƙarfi. Ba ya iya amai, kuma idan aka tura ruwa da sauri yana iya bin hanyar iska ya faɗa huhun da ake neman ceto. Na fara tunanin haɗawa da madara, sai na tuna Likita ya hana, ya ce sinadarin kalsiyam da ke cikinta yana riƙe maganin ya hana shi shiga jiki yadda ya kamata. Abin da ya fisshe ni ayaba ce. Nakan murƙushe ɗan guntu kamar ƙwayar wake, in ɗiga maganin a ciki, in shafa a kan yatsata. Dole ya zama kaɗan ƙwarai, don in tabbata ta lashe duka. Ranar da ta ƙi, sai in naɗe ta a tawul kanta kaɗai a waje, in sa bakin sirinjin ta gefe, bayan haƙoranta na gaba inda akwai fili, in riƙa sakin ɗigo ɗaya-ɗaya ina jira ta haɗiye. Wani lokaci minti ashirin muke yi a kan abin da bai cika rabin ƙaramin cokali ba.

Na samo littafi ina rubuta nauyinta kowace safiya da sikelin kicin. Kwana huɗun farko lambar ƙasa take yi: 294, 291, 289. Ina ba ta dafaffen ƙwai da abincin jarirai mai laushi, tana lasa sau biyu ta juya baya, domin numfashi da ci ba sa haɗuwa mata lokaci ɗaya. A rana ta biyar da dare na shiga da ita makewayi bayan na saki ruwan zafi ya yi tururi, muka zauna nesa da ruwan na 'yan mintoci kamar yadda Likita ya ce in gwada, tare da gargaɗin in fito da ita nan take idan na ga abin ya ƙara takura ta. Ta lafe a tafin hannuna. Ina jin bugun zuciyarta a yatsuna, da sauri kamar ana kaɗa fiffike, domin zuciyar ɓera takan buga sama da sau 300 a minti ɗaya.

Da farko na yi niyyar raba ta da Auduga. Likita ya ce kada in yi, tunda abin da ke jikin ɗaya yana jikin ɗayar tuntuni, kaɗaici kuma ƙara mata ciwo zai yi. Ashe ya san abin da yake faɗa. Auduga, wadda a da take ƙwace abinci daga bakinta, ita ce ta koma kwanciya a jikinta tana ɗumama ta, tana lashe mata jan da ke kewaye da ido. Na taɓa karanta cewa a 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka sun nuna ɓera yana koyon buɗe ƙofa don ya saki ɗan'uwansa da aka kulle, ko da an ajiye masa cakulan a gefe. A lokacin na ji abin kamar labarin nesa. Sai ga shi ina kallon irinsa a kusurwar ɗakina, ƙarfe ukun dare.

A rana ta tara ƙarar ta ɗauke. Na kara ta a kunne, shiru, sai numfashi mai laushi. Sikeli ya nuna 301. A nan ne zuciya ta fara raya mini in dakatar da maganin, ganin yadda take wahala da shi, har ta fara guduwa idan ta ga tawul. Umma ce ta tsayar da ni.

"Kwana nawa likita ya ce?"

"Ashirin da ɗaya, Umma."

"To ki cika masa ashirin da ɗaya. Kawo ta nan in riƙe miki."

Ranar ce Umma ta fara ɗaukar Toka. Ta riƙe ta a tawul da hannu biyu, tana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar yadda take yi wa jikokinta, ni kuma ina ɗiga magani.

Daren da muka gama, Toka ta hau kafaɗata da kanta, karo na farko cikin mako uku. Ta kwanta a gefen wuyana ta fara goga haƙoranta, ƙir-ƙir-ƙir, idanunta suna ɗan motsawa ciki da waje. Ɓera yakan yi haka idan ya ji daɗi, amma yakan goga haƙora idan yana jin zafi ma, don haka sai da na duba jikinta. A sake yake, gashinta a kwance, jelarta ta zagayo wuyana. Na sa yatsa ina shafa ta daga haɓa zuwa ciki.

A ƙarƙashin hammatarta ta hagu yatsata ta ci karo da wani ɗan ƙullutu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana motsi a ƙarƙashin fata. Na cire hannuna, na sake mayarwa. Yana nan.

Abin da Likita ya ce da ya taɓa shi, da shawarar da aka bar ni in yanke, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.