Dutsen da ke ɓarewa kamar takarda

Da asuba muka bar Yamai, ni da malaminmu na ilimin duwatsu, guduma da buhunan samfur a bayan mota. Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, duk a cikin gyangyaɗi na wuce su. Sai da muka kama hanyar Tawa daga Tsarnawa Malam ya taɓa ni: "Tashi mana, a gindin teku kake barci."

Ba zolaya ba ce. Adar, yankin da muka shigo, tana cikin kwarin Iullemmeden, wanda ya miƙa har Mali da Sakkwato, kuma kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ne kwance a nan. Wajen Badagishiri muka hau wani tudu, sai ga ɓawon dodon koɗi a jikin farar ƙasa. Ƙasa da shi kuwa ga abin da ya kawo mu: tsohuwar laka da ta daskare. Na sa farce, ta ɓare falle-falle kamar takarda. Har na fara murna, don a irin wannan dutse ake samun gas ɗin da muka zo dubawa.

Malam ya ce in bi a hankali. Kafin irin wannan dutse ya ba da gas, sai ragowar halittun da ke cikinsa sun kai aƙalla kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, sai kuma ya nutse can ƙasa, mita dubu ko fiye, zafi ya dafa shi. "Wanda ke hannunka ɗanye ne, rana da ruwan sama kuma sun gama cinye shi. Hukunci sai an haƙo na ciki an kai ɗakin awo." Duk da haka muka cika buhu, ina rubuta lamba hannuna na zufa.

Muna saukowa wani dattijo mai jaki da jarkoki ya tsaya.

"Samari, man Agadem ne ya iso Adar?"

"A'a Baba, gas muke dubawa."

Malam ya bayyana masa yadda ake yi a Amurka: a tura ruwa da yashi da ƙarfi har dutsen ya tsage, rijiya guda ta sha lita miliyoyi.

Baba ya dubi jarkokinsa huɗu, ya dube mu.

"To, ruwan wa?"

Malam ya yi shiru. Muka shiga Tawa bayan magariba, buhun samfur na ƙaras-ƙaras a baya.