Ƙawanya, darasin da ba na barin ɗalibi ya tsallake

Wanda ya bi ta ƙofar shagona a Jos da hantsi zai ji abu ɗaya ana ta maimaitawa: sauti uku, a yi shiru, sauti uku, a yi shiru. Ɗaki biyu gare ni, ɗaya na koyar da busa saksofon da tirampet, ɗaya na gyara. Waɗannan sautuka uku su ne abin da na fi alfahari da shi a duk aikina, kuma ni na raɗa musu suna ƙawanya, don ban sami kalmar da ta fi ta dacewa ba.

Ga yadda take. Kana da sautin da kake so ka sauka a kansa, a ce E (da haruffa ake kiran sautuka a kiɗa). Ba za ka tafi masa kai tsaye ba. Sai ka busa na samansa, F, ka zagayo ka busa na ƙasansa da rabin taki, wato mafi ƙanƙantar tazara tsakanin sauti biyu, D#, sannan ka dira a kan E. Ka rufe shi ta sama, ka rufe shi ta ƙasa, ba shi da hanyar gudu. Wannan D# ba ɗan gida ba ne a kiɗan da ke kan ki na C, wato jerin sautukan da C ne gidansu, in ka tsaya a kansa kunne zai ƙi shi, amma da yake wucewa kawai ya yi, shi ne ke sa saukar ta yi daɗi. Da irin wannan aka gina bibof, salon jaz ɗin da baƙar fatar Amurka suka fito da shi a Harlem a farkon shekarun 1940, a wuraren kiɗan dare irin Minton's, inda su Thelonious Monk da Kenny Clarke da Dizzy Gillespie da Charlie Parker suke haɗuwa. A wajena ba wanda ya kai Clifford Brown tsabtar ƙawanya a tirampet. Ya rasu a haɗarin mota a 1956 yana ɗan shekara 25, amma har yau shi nake kunna wa ɗalibaina su saurara.

Ni a hannun wani dattijo na koya, tsohon ɗan badujala da ya yi ritaya. Kaset biyu gare shi na Parker, sun sha jiki, da biro muke mayar da su baya don kada batir ya ƙare. Wata rana na zo masa ina murna, na haddace wani dogon gudu na sautuka, na zuba masa shi ba numfashi. Ya bari na gama, ya ce, "Yaro, ina ka sauka?" Na ce, "Baba, ai na busa duka." Ya ce ya ji, tambayarsa ita ce ina na nufa. Ban da amsa. Wata huɗu ya hana ni komai sai saukowa a kan sauti na uku na kowane kod (kod sautuka ne da ake bugawa tare, na ukunsa kuma ana ƙirgo shi daga tushensa, kamar E a kod ɗin C), a hankali, yana buga sandarsa a ƙasa. Lokacin na ji haushi ƙwarai. Yanzu da wannan tambayar tasa nake fara kowane sabon ɗalibi.

Wurin da ake faɗuwa shi ne lokaci. Yatsu suna koyon F, D#, E cikin kwana biyu. Amma dole E ta faɗi daidai kan bugun farko, wato, da yake bugu huɗu-huɗu ake ƙirgawa, ka fara ƙawanyar a bugu na huɗu da ya zo kafinsa. In ka ƙara mata sauti ta zama F, D, D#, E, to sai ka fara rabin bugu kafin nan. Ka makara da rabin bugu, baƙon sautin ne zai zauna a mazaunin mai gida, jimlar duka ta karkace. Shi ya sa metronom, na'urar da ke ƙirga bugu, ba ya barin teburina. Muna farawa da bugu 60 a minti, alhali masu abin suna kai 300. Kod ɗaya yana da sauti huɗu, ga ki 12, saukowa 48 ke nan a kan nau'in kod guda, kafin a zo ga sauran. Sai mu ɗaure su a jere: G, E, F a kan kod ɗin Dm7, sannan C, A#, B a kan kod ɗin G7, sannan F, D#, E mu koma gida. Ina sa ɗalibi ya rera da baki kafin ya ɗauki ƙarfe, don abin da kunne bai riƙe ba yatsa ba zai riƙe shi a gaban mutane ba.

Abin da ke ɓata mini rai, kuma kullum sai ya dawo, shi ne gaggawa. Yaro zai zo da bidiyon minti ɗaya a wayarsa, an ce masa ga gudu goma da za su mai da shi gwani. Ya haddace su tsaf, a ki ɗaya. Ka sauya masa ki, sai ya tsaya yana kallonka. Uba kuma zai ce, "Malam, a rage mana kuɗin, wancan ya ce wata uku ya isa." Wata ukun ya isa a busa a wurin biki, ban musa ba. Parker da bakinsa ya ce ya yi shekara uku zuwa huɗu yana gwaji awa 11 zuwa 15 a rana. Ba na neman haka a wurin kowa, minti talatin kullum nake roƙo, amma kullum ɗin.

Sai jabun kaya. Ƙawanya duka a kan rabin taki take, kuma saksofon mai yoyon iska ba ya ba da rabin taki mai tsabta. Ana kawo mini masu ƙyalli, an buga musu sunan babban kamfani, ka sa fitila a ciki ka ga haske na fita ta gefen fatun da ke rufe ramuka. Ɗalibi ya yi ta zargin kansa, alhali ƙarfen ne. Akwai wani da nake sayen rid a wurinsa, ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa, ya aiko mini kwali goma, na buɗe na tarar rabi ba su da kauri ɗaya. Ban sake ba. Ga hunturun Jos da ke busar da su har su tsage, don haka ina koya wa kowa ya jiƙa rid ɗinsa kafin ya ɗaura, ya kuma riƙa juya uku ko huɗu. Duk ƙarfen da ya shigo ajina sai na duba shi da fitila tukuna, kyauta, na sauya fatar da ta mutu da hannuna.

Akwai wata ɗaliba da take busa a majami'arsu, saksofon alto take riƙewa. Wata bakwai tana kan saukowa 48 ɗin nan. Ranar Asabar da ta wuce ina buga mata fiyano, na sauya ki ban faɗa mata ba, ta bi ni, ta yi wa sauti na uku ƙawanya ta sauka daidai kan bugu, ba ta ma lura ta yi ba. Na tsayar da kiɗan na ce, "'Yata, ina kika sauka?" Ta faɗa mini sunan sautin nan take. Mako mai zuwa za mu ɗaga metronom zuwa 120, mu fara ƙawanya mai sauti huɗu.