Tumatir mai saurin nuna: abin da na gani da na jera iri huɗu a lambun gida

Kwana 55 kafin ya nuna aka rubuta a jikin takardar irin tumatir mai suna Stupice, ni kuwa na ɗauka daga ranar da na zuba iri ake lissafi. Na yi ta ƙirga kwanaki, ranar ta zo ta wuce, ko ɗaya bai yi ja ba, sai furanni da 'yan ƙwayoyi kore shar da ba su kai kan babban yatsa ba. Har na fara cewa an cuce ni. Ashe masu sayar da iri daga ranar dashe suke fara ƙirga, mako biyar zuwa shida da tsiron ya yi a gwangwani ba sa cikin lissafi. Wannan ita ce shekarar farko.

A ta biyu na ce bari in yi abin da tsari. Na samo iri huɗu, duk irin gado ne, wato waɗanda ba a yi musu aure ba, in ka ajiye ƙwayarsu ka shuka za ta ba ka irin uwarta sak. Stupice daga ƙasar Cek ya fito, Moskvich daga Rasha, Sub-Arctic Plenty kuma a Kanada aka samar da shi don wuraren da lokacin nomansu gajere ne. Na huɗun Brandywine ne, wanda kowa ya san ba ya sauri, yakan kai kwana 80 ko fiye. Na sa shi ne kawai ya zama ma'auni. Kowanne gindi uku, dashe rana ɗaya, taki iri ɗaya, kuma na ajiye ɗan littafi ina rubutawa.

Sub-Arctic Plenty ne ya riga kowa. Gajere ne, ba ya neman doguwar tokara, yana kai iyakar tsawonsa sai ya tsaya ya zuba 'ya'ya gaba ɗaya. Murna ta kama ni, na yi ta kiran mutanen gida su zo su gani. To, cikin mako uku ya juye duk abin da ke cikinsa, ganye ya fara rawaya, shi ke nan an tashi. Ɗanɗanonsa ma tsami ya fi yawa, ba abin a zo a gani ba ne.

Stupice ya biyo bayansa da 'yan kwanaki, kuma shi ne ya sace min zuciya. Ganyensa faffaɗa ne, babu tsaga-tsaga a gefe, kamar na dankalin turawa. 'Ya'yan ƙanana, biyu na cika tafin hannu, wani lokaci kafaɗarsu ta zauna kore ko da sauran jikin ya yi jawur. Amma shi ba ya tsayawa: yana tsawo, yana fure, yana ɗaure 'ya'ya, kusan kullum da safe sai na sami uku ko huɗu da suka nuna. Sai da na ƙara masa sanda sau biyu. Da na tara lissafin littafin nan a ƙarshe, ya ba ni fiye da duk sauran, nesa ba kusa ba.

Moskvich ya ɗan makara, amma 'ya'yansa sun fi girma da nama, kuma ba su cika tsagewa ba. Sai dai ban yi masa adalci ba. Ƙarshen fangalin na ba shi, inda inuwar katanga ke sauka tun da rana ta karkata, don haka makararsa rabi laifina ne. Bana zan cakuɗa su, kowane iri ya sami gindi a rana da gindi a inuwa.

Da zafi ya tsananta ne na ga inda suke da rauni duka. Da zarar rana ta haura digiri 32, dare kuma bai huce ba, fure sai ya bushe ya kakkaɓe ba tare da ya zama ɗa ba. Wanda ya riga ya ƙosa kuma sai ya tsaya ruwan lemo, domin sinadarin da ke sa tumatir ja ba ya samuwa sosai a irin wannan zafin. Na koma tsinke su da zarar launi ya fara juyawa, in jera a ɗaki, su ƙarasa nuna a can. Brandywine, bawan Allah, a daidai lokacin ya fara fure sosai. 'Ya'ya ƙalilan na samu, manya masu daɗi, bayan an gaji da jira.

Na matse ƙwayar Stupice a kwalba, na bar ta kwana uku ta yi tsami har yauƙin ya sake ta, na wanke na shanya a faranti. Da na shuka, tsiro biyu cikin tiren suka fito da ganye mai tsaga-tsaga. Faffaɗan ganyen nan hali ne da ke ɓuya idan wani iri ya shiga, don haka na san ƙwaro ya kawo garin furen maƙwabci. Na tuge su biyun, na bar sauran.