Abin da wata ƙaramar eriya ta koya mini

A makon da nake tattara kayana domin barin sashen ƙera eriya, na ci karo da wani ɗan allon eriya a ƙasan aljihun teburina, wanda tsawon jan ƙarfen da ke kansa bai wuce milimita 19 ba. A duk zamana a wurin babu aikin da ya kai shi ɓata mini rai, kuma shi ne ya zaunar mini da karatun da na sha ji a aji ba tare da ya shige ni ba.

An ba mu aikin eriyar faci (ɗan shimfiɗaɗɗen jan ƙarfe a saman allo, da wani jan ƙarfen a ƙasan allon) ta wata na'ura mai amfani da zangon Wi-Fi, wato daga megahaz 2400 zuwa 2483.5. A kan allon FR-4, allon da'irar lantarki na yau da kullum da muka saba da shi, wanda lambar famitibitinsa take wajen 4.4, facin zai kai kimanin milimita 29 a tsawo da 37 a faɗi, shugaban sashenmu kuwa ya kafe cewa akwatin na'urar ba zai ɗauki wannan girman ba. Na san cewa lambar nan tana nuna yawan ƙarfin lantarkin da abu ke riƙewa a cikinsa idan aka kwatanta da iska, wadda tata lambar ɗaya ce, kuma idan ta ninka huɗu tsawon igiyar rediyo a cikin abin yakan ragu da rabi. Saboda haka na zaɓi allo mai haɗin tangaran, mai lamba 10.2 da kaurin milimita 1.27. Facin ya ƙanƙance, kowa ya yaba, ni ma na ji daɗi.

Abin da ban ba shi haƙƙinsa ba shi ne yadda eriyar faci take watsa igiya. Tana yin haka ne ta ƙarfin lantarkin da ke tsiyayowa daga gefunanta biyu zuwa cikin iska. Allo mai babbar lamba yana janye wannan ƙarfi ya tsare shi tsakanin facin da jan ƙarfen ƙasa, sai abin da aka ajiye ya yi yawa, abin da ke fita ya yi kaɗan, eriyar ta zama kamar ƙararrawa mai daɗewa tana amo amma a kan sauti ɗaya tak. Ranar da na haɗa ta da na'urar awo, ta amsa daidai a tsakiyar zangon, sai dai faɗin inda take aiki bai kai megahaz 15 ba, alhali tashar Wi-Fi guda ɗaya tana buƙatar 20, zangon duka kuma 83.5. Da muka rufe akwatin, robar murfin ta ƙara jan amon ƙasa har ya kauce daga inda muke so. Daga baya na lura cewa takardar bayanin allon ta rubuta yiwuwar ƙari ko ragin 0.25 a kan 10.2, wanda shi kaɗai zai iya gusar da amon da kusan megahaz 30, ninki biyu na duk faɗin da nake da shi.

A taron da ya biyo baya, shugaban ya faɗa a gaban kowa cewa ban yi lissafi ba. Na tuna sarai ranar da na ce masa, "Yallaɓai, idan muka matse ta haka zangon zai ƙuntata," shi kuma ya ce in je in yi abin da aka sa ni. Amma da baki na faɗa, ban rubuta ba, ban kuma kawo masa adadi ba, domin ni kaina a gwajin kwamfuta tsakiyar zangon kawai na duba. Wannan laifina ne kuma na karɓe shi. Abin da har yau bai kwanta mini ba shi ne a ɗora wa mutum ɗaya nauyin buƙatar da tun 1947 da 1948 masana eriya Harold Wheeler da L. J. Chu suka nuna tana da iyaka, cewa ƙanƙantar eriya da faɗin zango ba sa samuwa tare kyauta.

Ni ne dai na gyara aikin. Na ɗaga facin a kan soso mai kauri, wanda lambarsa ta yi kusa da ta iska, eriyar ta rufe zangon gaba ɗaya, akwatin kuma dole aka ƙara masa girma.

Sauran darussan sun zo da sauƙi. Faɗin zangon da FR-4 ke nunawa wani ɓangarensa asara ce, domin ma'aunin asararsa wajen 0.02 ne, na allon Teflon mai lamba 2.2 kuwa bai kai 0.001 ba. Ƙara kaurin allo yana faɗaɗa zango, amma a allo mai babbar lamba yana haifar da igiyoyin da ke bin jikin allon maimakon fita. Tangaran kuma ba abin ƙi ba ne, tunda yana yi wa GPS aiki sosai a megahaz 1575.42, inda ba a buƙatar faɗi mai yawa.

Ɗan allon na bar wa wanda zai gaje ni, tare da takardar da na rubuta sakamakon awonsa kafin a rufe murfi da bayan an rufe. Batun ƙara girman akwatin kuwa, shugaban bai taɓa ambata shi a wani taro ba har na tafi.