Daren da Muka Sanya Tufafin Ƙarfe

A shekarata ta biyu ina karatun zane a Jamus, malamarmu ta ɗora wa ajinmu nauyin shirya bikin rawa irin wanda ɗaliban makarantar zane da gine-gine ta Bauhaus suka yi a garin Desau ranar 9 ga Fabrairun 1929, wanda aka sani da Bikin Ƙarfe. Walter Gropius ne ya kafa makarantar a garin Waima a 1919, kuma tun farko bukukuwa suna cikin tsarin rayuwarta, daga na fitilu zuwa na farar shiga da aka yi a 1926. A daren Bikin Ƙarfe baƙi sun zo sanye da cokula, tukwane da fallen alminiyam, suna sulalowa cikin zauren ta kan wata gangara, ƙwallaye masu ƙyalli na reto a bisa kawunansu.

Sharaɗi ɗaya malama ta gindaya mana: duk abin da ido zai gani a jikin mutum ya zama ƙarfe. Da farko na ɗauka wannan zai ɗaure mana hannu, amma sai na tarar shi ne ya buɗe mana ido, domin wanda aka hana wa yadi dole ya zauna ya fahimci halin waya da na kwano. Na tara murafan gwangwani, na huda kowanne da ƙusa, na sarƙa su da siririyar waya har suka zama riga mai kama da sulke. Mako uku na yi ina wannan aiki, kuma a jikin bango rigar ta ƙayatar ƙwarai.

Kuskurena shi ne ban taɓa gwada ta ina motsi ba. Ana saura kwana biyu biki na sanya ta, ina ɗaga hannu bakin wani murfi ya tsaga mini fata a ƙarƙashin hammata, sannan na ga ba ni da halin zama a kujera. Malama ta dubi rigar, ta ce in koma ga hotunan aikin Oskar Schlemmer, wanda ya jagoranci sashen wasan dandamali na makarantar. Tufafin da ya ƙera wa fitacciyar rawarsa ta 1922 suna da nauyi, suna kuma takura jiki, amma da gangan ya yi hakan, domin kowace shiga ta haifar da nata salon tafiya. Ni kuwa na ƙera wa ido abin kallo, na mance da mai sakawa.

Dare biyu na kwana ina goge bakin kowane murfi da magagari, na yi wa rigar shafi da tsohon bargo, na kuma sassauta wayar daga ƙugu zuwa ƙasa. Wannan sassaucin ya kawo abin da ban yi tsammani ba, wato amo. Ina takawa murafan suna kaɗawa kamar ƙananan ƙararrawa, har mai gangar ajinmu ya riƙa bin sawuna da kiɗa. Wata ɗaliba da ta naɗe jikinta da fallen alminiyam zalla ba ta kai tsakar dare ba shigarta ta kekkece, tawa kuwa ta kai asuba, murfi biyu kawai suka faɗi.