Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Leƙen Tulu

Makon jiya na tsaya a inda na sauka Khartum da akwatin ƙarfe da wasiƙar malaminmu, na kuma yi alkawarin yau zan shiga labarin aurena na fari. Ku yi haƙuri, sai wani makon. Daren Talata na yi mafarkin ƙanwata Auta tana tsaye a bakin bahar, wato kogin Nilu, da kwanon wanki a ka, kuma tun daga ranar maganar Baffa ke yawo a kunnena kamar sauro.

"Kai ba tulu ba ne, balle a leƙa cikinsa."

Haka ya faɗa, yana zaune kan angarib, wato gadon igiya, a zauren gidanmu na Mai Wurno ta ƙasar Sudan, carbi a hannu, bai ko ɗago ido ya dube ni ba. Amma bari in fara da yadda aka yi na san ana leƙawa.

Aikin da na fara samu a asibitin nan na Khartum shara ce da turin keken marasa lafiya. Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda da ba kowa ke shiga ba, a ƙofar an rubuta rasmul mukhi, wato zanen ƙwaƙwalwa. Ranar da aka fara kirana ciki, wata tsohuwa ce daga wajen Gadarif ta ƙi yarda a taɓa kan jikanta, ba ta jin Larabci sosai, sai aka ce a nemo "ɗan Fallatan nan", wato ni, don haka ake kiran mutanenmu a Sudan. Na yi mata bayani da Hausa cewa wayoyin ba sa zuba wa yaron wuta, saurare kawai suke yi. Ni kaina a lokacin ban san ko gaskiya na faɗa ba. Ashe gaskiya ce.

Likitan ɗakin, wani dattijo mai yawan shan shayi, ya ga hannuna ba ya rawa, ya fara koya mini. Ana auna kai da tef irin na tela, daga gindin hanci zuwa ƙashin ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a raba tsawon kashi goma da kashi ashirin cikin ɗari, a ɗiga alama da jan fensir. Wannan tsari wani likita Herbert Jasper ne ya tsara shi a 1958, don kan Bature da kan Bahaushe su zama abu ɗaya a takarda. Wayoyi 21 muke mannawa. Takarda na tafiya santimita uku a kowane sakan, alƙaluma na karce ta da tawada, ƙararsu kamar kaji na tonon ƙasa. Babbar wahalarmu man kai ce. Matan Larabawa da karkar, namu da man shanu da kitso ƙanana, kuma waya ba ta kama fata mai maiƙo. Sau nawa na mai da mace gida ta tsefe ta wanke, ta tafi tana zagina ƙasa-ƙasa tana zaton ba na jin yaren.

A bakin dattijon nan na fara jin sunan Hans Berger, kuma labarinsa ya zauna mini tun daga ranar, don akwai 'yar'uwa a ciki. Berger Bajamushe ne. Yana saurayi a rundunar sojan doki, dokinsa ya kayar da shi gaban keken igwa, saura ƙiris taya ta bi ta kansa. A wannan ranar 'yar'uwarsa, tana can wani gari mai nisa, ta ji faɗuwar gaba har ta matsa wa mahaifinsu ya buga masa tangaraho ya tambayi lafiyarsa. Berger ya ɗauka cewa tsoronsa ne ya tashi daga kansa ya isa nata. Ya koma karatun likita, ya ƙare rayuwarsa a garin Jena yana neman ƙarfin da ke ɗaukar tunani. Wancan bai same shi ba, amma a 1924 ya zama mutum na farko da ya zana lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Kafin shi, Richard Caton na Liverpool ya gani a kan zomaye da birai tun 1875, amma sai da ya buɗe ƙoƙon kansu. Berger ya yi shekara biyar yana maimaita gwajin, har a kan ɗansa Klaus, kafin ya yarda ya wallafa a 1929. Duk da haka aka ƙi kula shi, aka ce ƙila na'urarsa ce ke rawa. Sai a 1934 Edgar Adrian da Brian Matthews na Cambridge suka tabbatar, Adrian ya zauna gaban taron masana aka manna wa kansa wayoyi. Ya rufe ido, igiyar ruwa mai kaɗawa kamar sau goma a sakan ta fito. Ya buɗe, ta ɓace. Ita ce alfa. Na gan ta ya fi sau dubu, kuma har na bar aikin ban daina jin wani abu a ƙirjina ba idan na ce "rufe idonka" ta taso.

Wata safiya aka kawo yarinya 'yar shekara tara, malamar makarantarsu ta ce ba ta mai da hankali. Na sa ta jan numfashi da ƙarfi, kamar yadda ake yi na minti uku. Ba a kai rabi ba ta ɗauke wuta: ido a buɗe, fatar idon na ɗan motsi, na kira ta shiru. Alƙaluman duka suka tashi tare, tsini da tudu, tsini da tudu, uku a kowane sakan. Bayan sakan goma ta dawo ta ce, "Na'am?" Dattijon ya nuna takardar da biro ya ce wannan farfaɗiya ce ƙarama, mutanen Boston, Gibbs da Davis da Lennox, suka fara bayyana zanenta a 1935. Ni kuwa ban ji ƙarshen maganarsa ba, don Auta nake gani. Haka take yi tun tana ƙarama, tana cikin surfe sai taɓarya ta tsaya a hannunta. Inna ta ce mutanen ɓoye ne ke giftawa. Da ta kai sha huɗu ta fara faɗuwa gaba ɗaya, har da cizon harshe. Aka ware mata kwano da moɗa, don an ce yawun na yaɗa cutar, abin da ba gaskiya ba ne. Ɗan gidan da suka kawo kayan na-gani-ina-so suka aiko a mayar musu.

Na karɓi hutun kwana uku, na bi ta Madani da Sinnar na isa gida. Na gaida Baffa, na zauna ƙasa, na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, izini nake nema in tafi da Auta Khartum a duba kanta. Akwai ƙwaya, ba ta da tsada." Ƙwayar fenobabiton nake nufi, wadda tun 1912 aka san tana rage faɗuwa, kuma kuɗinta na wata bai kai na sukarin gidan ba. A nan ya faɗi maganar tulu. Ya ƙara da cewa, "Kai yaro, daga riƙe tsintsiyar asibiti har ka zama hakimi?" Wato likita, a Larabcin Sudan. Inna na bayan ƙofa. Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba, ranar ma "kai, tashi ka ci abinci" kawai ta ce.

Kada wani ya ce ina raina rubutu. Ni ma na sha mihaya, wato rubutun sha, an turara mini bakhra, wato takardar ayoyi da ake ƙonawa, kuma Dakta Tijani al-Mahi, uban likitocin ƙwaƙwalwa na Sudan, bai taɓa raina malaman zaure ba. Abin da nake riƙe da Baffa shi ne bai ce a haɗa biyun ba. Shekara biyu ana kai Auta masidi, wato zauren shehunnai, ana sayar da awakin da Baba ya bar mana.

Shekarar ambaliyar 1988 Auta ta tafi wanki bakin bahar ita kaɗai. Ruwan da aka same ta a ciki bai kai gwiwa ba. A wannan yinin ina ɗakin rasmu ina wanke wayoyi, na ci ful da rana, na yi barci lafiya. Ban ji faɗuwar gaba ba, ko ƙwayar zarra. Sai bayan kwana huɗu wani direban lori ya kawo saƙon. 'Yar'uwar Berger ta ji ɗan'uwanta daga wani gari, ni da nake sana'ar sauraren kawunan mutane ban ji tawa ba.

Shekarun da suka biyo baya ba abin faɗa, na yi aure, na ƙaura Jidda. Abin da ya sa na kawo Jidda yanzu shi ne wata cibiya mai zaman kanta da na yi wa aiki daga baya, inda takarda da tawada suka zama kwamfuta, kuma suke sayar da abin da ake kira niyurofidbak, wato horar da ƙwaƙwalwa ta hanyar nuna mata motsin kanta. Asalin abin ba ƙarya ba ne. Joe Kamiya a Jami'ar Chicago, wajajen 1958, ya riƙa kaɗa wa mutum ƙararrawa yana tambayarsa ko yana cikin alfa, har mutumin ya iya ganewa, daga baya ma ya iya kawo ta da kansa. Barry Sterman a Los Angeles kuma da kyanwoyi ya yi nasa: duk lokacin da kan kyanwa ya fitar da wata igiya mai kaɗawa 12 zuwa 15 a sakan, sai a ba ta ladan abinci, har ta koyi tsayawa cik tana fitar da ita. Daga baya aka ba shi aikin gwada gubar man roka a kan kyanwoyi, guba ce mai jawo farfaɗiya, sai ya lura waɗanda aka horar sun fi sauran jurewa. A 1972 ya wallafa gwajin farko a kan wata mata mai farfaɗiya, faɗuwarta ta ragu. Joel Lubar na Tennessee ya juya abin zuwa yara marasa natsuwa a 1976. Ranar da na fara karanta labarin kyanwoyin nan, a ɗakin hutu, sai da na fita na wanke fuska.

Amma a cibiyar nan zama arba'in ake sayarwa, kuɗi a gaba. Yaro ya zauna yana kallon jirgi a allo, in kansa ya yi abin da ake so jirgin ya tashi. Wasu iyayen na cewa sun ga sauyi, ban ƙaryata su ba. Sai dai a gwaje-gwajen da aka yi wa rabin yara horo na gaske, rabi na bogi, ba tare da iyaye sun san wanne ne nasu ba, bambancin da ya fito kaɗan ne. Wata rana wata Bahaushiya daga unguwar Sabil ta zo da ɗanta mai farfaɗiya, ta sayar da awarwaronta ta biya. Ta ja ni gefe ta ce, "Malam, an ce in ya gama zaman zai iya barin ƙwaya?" Na ce, "Hajiya, don girman Allah kada ki cire masa ko rabin ƙwaya sai likitansa ya ce. Kuma kada ya yi wanka da ƙofa a kulle." Mai wurin ba ya jin Hausa, amma ya ga fuskar matar. Ƙarshen wata aka ce ba za a sabunta mini kwantiragi ba.

A tsakanin nan ne Baffa ya zo Umara, ya sauka gidana kwana goma sha ɗaya. Ni na tura shi a keke tsakanin Safa da Marwa, turin keke dama sana'ata ce ta fari. Na shirya maganar da zan faɗa masa tun a filin jirgi, na maimaita ta a zuci har a Haram. Daren da zai koma muna cin abinci ya dube ni ya ce, "Har yanzu kana leƙen tulun?" Na ce, "Ina yi, Baffa." Ya ce, "To me ka gani?" Matata ta shigo da shayi, na tashi na karɓi tiren. Sunan Auta bai fito daga bakin ɗayanmu ba har na kai shi filin jirgi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, labarin auren da na yi alkawari, da yadda Baffan nan ya karɓi waliccinsa.